Ibn Baɗuɗa: Matafiyi Tsakanin Mahara da Sarakuna

A cikin matafiyan da tarihin Musulunci ya san da su, da wuya a sami wanda ya kai Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Baɗuɗa, yawan ƙasashen da ya taka. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin shekara 29 ya ci tafiyar da ta haura mil 70,000, daga Maroko har ƙasar Sin, daga kogin Bolga har Kilwa da Mali. Galibi idan an tashi ba da labarinsa, sai hankali ya tafi ga fadojin sarakuna da kyaututtukan da ya samu. Amma akwai wata fuska ta rayuwarsa wadda ta fi kusa da abin da kowane falke ya sani, watau yadda baƙo zai shiga ƙasar da ba tasa ba ya fita da ransa da dukiyarsa. Sau biyu 'yan fashi suka tuɓe shi, sau ɗaya teku ta raba shi da duk abin da ya mallaka, kuma ya kusa rasa kansa a hannun sarkin da ya ɗaukaka shi. Ta wannan fuska wannan maƙala za ta bi rayuwarsa.

An haife shi a birnin Tanja, a arewacin Maroko, cikin watan Fabrairu na shekarar 1304. Gidansu gidan alƙalai ne masu bin mazhabar Malikiyya, asalinsu kuwa Barbar ne na ƙabilar Lawata. Ya yi karatun fiƙihu irin na 'ya'yan malamai, wannan karatu kuwa shi ne jarin da ya yi yawo da shi, jarin da ba ɗan fashin da ya iya ƙwace masa. Cikin watan Yuni na 1325, yana da shekara 21, ya bar iyayensa da nufin aikin hajji, shi kaɗai, ba ayari ba abokin tafiya. Bai sake ganinsu ba.

Tun bai fita daga Magrib ba hanya ta fara koya masa halinta. Ya haɗu da waɗansu fatake na Tunis suka tafi tare, da suka isa Bijaya sai ɗaya daga cikinsu ya rasu ya bar dinari 3,000 na zinariya, waɗanda ya ba wani mutumin Aljaza'ir amana ya kai wa magadansa. Da labari ya kai kunnen hakimin garin, sai ya sa aka karɓe kuɗin. Wannan shi ne zaluncin farko da saurayin ya gani a tafiyarsa, kuma abin lura, ba a daji aka yi shi ba, a cikin gari aka yi, da hannun mai mulki. Daga nan zazzaɓi ya kama shi, amma tsoron mahara ya hana ayarin yada zango, har sai da ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo. A Tunis aka naɗa shi alƙalin ayarin mahajjata, suka tashi da rakiyar barade, ya isa Iskandariya cikin 1326.

A Masar ya ga wani irin tsaro dabam. Ya bi kogin Nilu ya gangara Aizab don ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, sai ya tarar sarkin Bejawa yana faɗa da Mamalik, an nutsar da jirage, tilas ya juyo. Da ya nufi Sham ya bi ta Ƙaɗya, inda ake karɓar fito a kan iyakar Masar. A nan ana bincika kayan kowane falke, ba kuwa mai wucewa sai da takardar izini. Da dare akan share rairayin da ke kewaye da wurin har ya yi sumul, da safe hakimi ya fito ya duba. In ya ga sawu, sai ya sa Larabawan da aka ɗora wa tsaron hanyar su bi shi, su kuwa ba su cika dawowa ba tare da mai sawun ba. Ya yi hajjinsa na farko a wannan shekara, ya zaga Iraƙi da Farisa, ya dawo Makka ya zauna.

Wajen 1331 ya shiga jirgi ya bi gaɓar gabashin Afirka. Abin da ya gani a Mugadishu ya cancanci a tsaya a kansa. Idan jirgi ya iso, samarin gari sukan fito cikin ƙananan kwale-kwale, kowa da akushin abinci a rufe, kowa ya miƙa wa falke ɗaya ya ce wannan baƙonsa ne. Falken nan ba shi da masauki sai gidan wannan mutum, shi zai sayar masa da kayansa, shi zai sayo masa abin da yake bukata. Wanda duk ya sayi kayan baƙo da arahar zalunci, ko ya yi ciniki da shi ba da sanin mai masaukinsa ba, cinikin ya ɓaci a wurinsu. Duk wanda ya san yadda fataken goro na ƙasar Hausa suke sauka hannun fatoma a Salaga a zamanin da, ko yadda mai gida yake tsaya wa mai shanu a Sabon Ibadan, zai gane wannan tsari nan da nan. Baƙo ba shi da dangi a garin mutane, saboda haka sai a ara masa dangi, shi kuma ya biya la'ada. Da yake Ibn Baɗuɗa malami ne ba falke ba, alƙalin garin ne ya karɓe shi.

Inda babu irin wannan tsari kuwa, sai mutum ya tsare kansa. A gaɓar Oman ya ɗauki wani ɗan jirgi ya yi masa jagora a ƙasa zuwa Ƙalhat, ashe jagoran tufafinsa yake hari. Ya yi ƙoƙarin kai su mashigar ruwa mai zurfi don ya tsere da kayan, ya kuma kauce da su daga hanya. Da barazanar mashin da ke hannunsa Ibn Baɗuɗa ya riƙe shi, ya kwana bai runtsa ba, ya isa gari ƙafafunsa a kumbure.

Daga nan ya bi ta ƙasar Turkawa, inda ƙungiyoyin samari masu sana'a da ake kira Ahi suke gasar saukar baƙi, ya ƙetare Baƙin Teku zuwa ƙasar Uzbak Khan, ya leƙa Ƙusɗanɗiniyya cikin rakiyar wata gimbiya. A makiyayar Turkawan arewa ya ga dawaki suna kiwo ba makiyayi, saboda tsananin dokarsu: wanda aka kama da dokin sata zai mayar da shi ya ƙara tara irinsa, in ba shi da su a karɓi 'ya'yansa, in ba shi da 'ya'ya a yanka shi. Ya ƙetare duwatsun Hindu Kush, ya iso kogin Sindu cikin watan Satumba na 1333, bisa ga lissafinsa.

A Hindu ne ya ga ƙarshen arziki, a nan kuma ya ga ƙarshen tsiya. Tun a hanyar Dalhi, bayan sun bar garin Abohar su 22 bisa dawaki, mutum 80 a ƙasa da mahaya biyu suka far musu. Suka yi faɗa suka kore su, amma kibiya ta same shi, wata ta sami dokinsa. Sarkin Dalhi na lokacin, Muhammadu ɗan Tuglak, mutum ne mai son baƙi ƙwarai, kyautarsa ba ta da iyaka, zubar da jininsa ma haka. Har sana'a ta tsiro a kan kyautarsa: attajiran Sindu sukan ba baƙo rancen dubban dinari ya sayi gaisuwar sarki, su yi masa hidima har ya isa fada, in sarki ya yi masa tukuici ninki-ba-ninki ya biya su da riba. Ibn Baɗuɗa ya ci irin wannan bashi. Aka naɗa shi alƙali a Dalhi da albashin dinari 12,000 a shekara, duk da haka bashinsa ya kai 55,000, sai da sarki ya biya masa.

Ya yi kusan shekara takwas a wannan fada. Daga ƙarshe sarki ya fusata da wani shehi mai suna Shihabuddini, ya sa aka bincika duk waɗanda suka taɓa ziyartarsa, sunan Ibn Baɗuɗa ya fito a ciki. Aka sa bayi huɗu su tsare shi a zauren fada, abin da kowa ya sani alama ce ta wanda kwanansa ya ƙare. Ya yi kwanaki yana azumi da karatun Alƙur'ani, ba abin da yake sha sai ruwa. Aka kashe shehin, shi kuwa aka sake shi. Ya ajiye aiki, ya rabar da dukiyarsa, ya koma wurin wani mai zuhudu wata biyar. Sa'an nan sarkin nan dai ya aiko kiransa, ya naɗa shi jakada zuwa ga sarkin Sin.

Wajen 1341 suka tashi daga Dalhi. Kyautar da za su kai ta haɗa da dawaki 100, da bayi maza 100, da kuyangi 100, da ɗaruruwan turamen tufafi masu tsada, da kayan zinariya da azurfa. Barade 1,000 aka ba su rakiya. A duk rayuwarsa bai taɓa tafiya da tsaro kamar wannan ba, kuma bai taɓa shan wuya kamar yadda ya sha a cikinta ba. Kwana kaɗan da fita, kusa da Koil, wanda yanzu ake kira Aligar, suka tarar 'yan tawaye sun kewaye wani gari, suka shiga faɗan, aka kashe Kafur, baban da aka damƙa wa kyautar. Suna jiran umarnin sarki, wata rana aka yi kora, Ibn Baɗuɗa ya rabu da mutanensa. Mahaya goma suka biyo shi ya tsere musu, sai ya faɗa hannun maharba wajen 40. Ya sauka daga doki ya miƙa wuya, don ya san ba su cika kashe wanda ya yi haka nan take ba. Suka tuɓe shi, ba su bar masa kome ba sai riga da taguwa da wando, suka ba mutum uku su kai shi wani wuri su kashe. Masu tsaron suka yi ta jan ƙafa, har wani saurayi ya zo ya sake shi, shi kuma ya tuɓe rigarsa ya ba saurayin. Kwana bakwai ya yi yana yawo cikin jeji da kufai, yana cin 'ya'yan itace da ganye. A rana ta takwas ya iske rijiya ba guga, ya ɗaura takalminsa ɗaya da igiya ya jawo ruwa, da ya sake jefawa igiyar ta tsinke. A nan wani Musulmi ya same shi, ya ba shi abinci, ya saɓa shi a wuya har wani ƙauye. Jakadan sarkin Dalhi ke nan, da barade dubu a bayansa.

Abokan tafiyarsa sun ɗauki abin mugun fata, suka so juyawa, shi ya ƙarfafa su. Suka isa gaɓar yamma suka shiga jirage. A jirginsa akwai maharba 50 da mayaƙan Habasha 50, waɗanda su ne garkuwar wannan teku, domin 'yan fashin ruwa sukan kauce wa duk jirgin da aka ce akwai ko mutum ɗaya daga cikinsu. Suka gangara Malabar, ƙasar masoro, wadda ya lissafa cikin hanyoyi mafi aminci da ya gani. Kowane rabin mil akwai rumfa da rijiya domin matafiya, mutum kuwa yana iya rasa ransa a kan kwakwa ɗaya da ya ɗauka, saboda haka in ta faɗo ba mai taɓa ta sai mai ita ya zo.

A Kalikut suka jira wata uku kafin lokacin tashin manyan jiragen Sin. Aka loda kyautar sarki da sauran jakadu a babban jirgi. Shi kuwa, don ɗakin da aka ba shi bai yi masa ba, sai ya sa aka mayar da kayansa da kuyanginsa wani ƙaramin jirgi, ya tsaya a tudu don sallar Juma'a. A daren nan iska ta taso. Babban jirgin ya farfashe, duk wanda ke ciki ya halaka, da safe aka tsinci gawawwakin abokansa jakadu a bakin ruwa. Ƙaramin jirgin da ya ga haka sai ya ɗaga filafili ya yi gaba da duk abin da ya mallaka. Aka bar shi da dinari goma da darduma. Ko a cikin wannan hali idonsa bai daina lura ba. Ya ga dogarawan sarkin Kalikut suna dukan masu son wawashe abin da teku ta amayo. A sauran garuruwan Malabar kayan jirgin da ya fashe na baitulmalin sarki ne, a Kalikut kaɗai ake mayar wa masu shi, shi kuma ya ɗauki wannan a kan dalilin da ya sa garin ya cika da fatake ya bunƙasa. Sarkin ba Musulmi ba ne, amma hakan bai hana malamin ba shi haƙƙinsa ba.

Bai koma Dalhi ba, don ya san sarkin zai tambaye shi abin da ya raba shi da kyautar. Ya fake wurin sarkin Hinaur, ya yi alƙalanci a tsibiran Maldif, ya ziyarci Sarandib, wadda yanzu ake kira Siri Lanka, inda aka ba shi lu'ulu'u da yaƙutu. Ya fara farfaɗowa ke nan, sai tsakanin Hinaur da Fakanur 'yan fashin teku suka auko musu da jirage 12. Suka kwashe duwatsun nan, da tufafinsa, da tsarabar da waliyyai suka ba shi wadda yake ajiye da ita don neman albarka, suka sauke kowa a gaɓa. Wando kaɗai aka bar masa. Da ya koma Kalikut ya shiga masallaci, wani malami ya aiko masa da riga, alƙali ya aiko da rawani, wani attajiri ya ƙara masa wata rigar. Haka zumuncin malamai da fatake ya sake tsayar da shi, kamar yadda ya yi a baya.

Ya bi ta Bangal da Sumatara ya isa tashar Zaitun a kudancin Sin wajen 1345. Masana da dama suna shakkar ko ya kai har Bejin, amma bayanin da ya yi na tsaron hanya a ƙasar ya cancanci a ji shi. A kowane zango akwai masauki da jami'i mai barade da dakaru. Bayan faɗuwar rana jami'in yakan zo da magatakarda ya rubuta sunan duk wanda zai kwana, ya kulle ƙofa. Da safe ya kira sunaye, ya haɗa su da ɗan rakiya wanda tilas ya dawo da shaidar cewa duka sun isa zango na gaba. Falke Musulmi kuwa yakan damƙa kuɗinsa a ƙirge ga wani attajiri mazaunin garin ko ga mai masauki, in wani abu ya ɓata mai ajiyar ne zai biya. Har zanen kamannin baƙi ake yi a ɓoye, domin in baƙo ya yi laifi ya gudu a aika da zanen a nemo shi. Aminci ne wanda bai bar wa baƙo sirri ba, shi kansa kuwa bai ji daɗin zaman ƙasar ba.

Ya juyo gida cikin shekarun babbar annoba, ya gan ta a Sham cikin 1348, ya isa Fas cikin 1349, ya tarar mahaifiyarsa ta rasu ba da daɗewa ba. Ya ƙetara Andalus, inda wani ɗan jinkiri ya cece shi: mahaya 12 da ya so bi daga Marbala suka riga shi tashi, maharan Kirista da suka sauko daga jirage suka kashe ɗaya, suka kama goma.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da ƙasar Hausa. Ya tashi daga Sijilmasa cikin Fabrairu na 1352, ayarin ya yi kwana 25 kafin Tagaza, garin gishiri. A cikin hamada ba ɓarawo ne abin tsoro ba, ƙishirwa ce da ɓata. Wani ɗan ayarin mai suna Ibn Ziri ya yi fushi da ɗan'uwansa ya tsaya a baya, ba a sake ganinsa ba. Fatake sukan yi hayar mutum ɗaya daga ƙabilar Masufa ya riga su zuwa Walata da wasiƙu, domin a tarye su da ruwa tafiyar kwana huɗu daga gari. In ya halaka a hanya, ayarin ma yana iya halaka. Miskali 100 na zinariya suka biya nasu. Daga Walata zuwa babban birnin Mali kuwa, tafiyar kwana 24, bai nemi ayari ba sam. Jagora ɗaya ya ɗauka da abokai uku, guzurinsa gishiri da duwatsun wuya da yake musanyawa da abinci a ƙauyuka.

Ba don ƙauna ya yabi Mali ba. Ya raina gaisuwar baƙunta da Mansa Sulaimanu ya aiko masa, ya ɗauke shi marowaci, ya kuma soki al'adu da dama na ƙasar. Saboda haka shaidarsa ta fi nauyi da ya tabbatar cewa matafiyi da mazaunin gida ba su tsoron ɓarawo ko mai ƙwace, kuma in baƙon falke ya mutu ba a taɓa dukiyarsa kome yawanta, sai a ba wani amintacce ajiya har magaji ya zo. Yana nan wani falke Bamasufe ya tashi a masallacin Juma'a ya kai ƙarar hakimin Walata, cewa ya karɓi kayansa na miskali 600 yana so ya biya 100. Sarki ya sa aka kawo hakimin, aka kai su gaban alƙali, falken ya yi nasara, aka biya shi, aka tuɓe hakimin. Sai a kwatanta wannan da dinari 3,000 na Bijaya.

Bayan wata takwas ya bi ta Tambutu da Gawo zuwa Takadda, wadda masu binciken kufai suke dangantawa da Azelik a Jamhuriyar Nijar. Sun ratsa ƙasar Bardama, inda ayari ba ya wucewa sai cikin kariyarsu, kariyar mace kuwa ta fi ta namiji ƙarfi. A Takadda ya ga ana narka jan ƙarfe ana kai shi Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana suka ɗauka Gobir ce. Cikin Satumba na 1353 ya tashi arewa da ayarin da ke ɗauke da bayi mata wajen 600. Nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya kaɗan, domin duk amincin hanyar da ake yabo na mai kaya ne, waɗannan mata kuwa cikin kayan aka lissafa su, shi kansa Ibn Baɗuɗa ya sayi bayi ya sayar a wurare da yawa ba tare da abin ya dame shi ba. Suka bi ta Azbin zuwa duwatsun Hoggar, inda wani shugaban masu amawali ya tsare ayarin har sai da aka ba shi tufafi. Sun yi sa'a watan Ramalana ne, wanda a cikinsa mutanen wurin ba su kai hari, ko kaya suka tsinta a hanya ba su ɗauka.

Ya isa Fas a farkon 1354. Sarki Abu Inan ya umarci wani marubuci ɗan Andalus, Ibn Juzayyi, ya rubuta abin da zai faɗa, aka gama littafin, wanda aka fi sani da Rihla, cikin Disamba na 1355. Yawancinsa daga ka ya ba da shi, domin ko rubuce-rubucen da ya kwafo daga kaburburan malaman Buhara sun tafi tare da 'yan fashin tekun Hindu. Ibn Haldun ya ruwaito cewa mutanen fada sun riƙa raɗa suna ƙaryata labaransa na Dalhi. Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu cikin 1368 ko 1369. A tsohon birnin Tanja akwai wani ƙaramin hubbare da ake dangantawa da shi.